Sunan da Na Rubuta da Fensir

Appingedam,
4 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanwata Jantina,

Gaisuwa mai yawa daga wannan gefen teku zuwa naku gefen, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki Douwe da yara da jikoki baki ɗaya. Duk lokacin da na zauna cin abinci ina sa ku a addu'a. Ubangiji ya ƙara wa Douwe sauƙin ƙugun da aka yi masa aiki, ke kuma ya tsare miki idanunki, don in ba ke ba ban san wanda zai iya jure karanta rubutuna yanzu ba. Ki gafarce ni da na yi wata biyu ban amsa taki ba. Ba mantuwa ba ce. Tun tsakiyar Oktoba na so in rubuto, sai dai a lokacin labarin bai ƙare ba, ni kuma ina jin kunyar in aiko miki da rabin wauta har Kanada. Yanzu ta cika, ga ta nan.

Jiki dai ya tsufa, babu wani sabon abu. Ƙafafu suna kumbura, kowace safiya ma'aikaciyar jinya takan zo ta saka mini dogayen safar nan masu matsewa, mu yi ta kokawa kamar ana cusa maraƙi a buhu. Likita ya ce zuciyata irin agogon tsohuwar cocinmu ce, tana latti amma tana bugawa. Keken nan mai ƙafa huɗu da nake turawa shi ne abokin tafiyata, har na fara yi masa magana idan muka zo hawa gada. Ɗana Berend yana bugo waya daga Eindhoven kowace Laraba, ya tambaye ni ko na sha magani, in ce na sha, ya tambaye ni ko ana ruwa, in ce ana yi, shi ke nan. Gidan kuwa shiru tun da Alida ta rasu, shekara huɗu ke nan. Har yanzu nakan ɗauko kofi biyu daga kabad, sai in mayar da ɗaya.

Ranar Lahadi ce kaɗai gidan nan yake komawa gida, saboda jikata Marrit, 'yar Berend, wadda kika ɗauka a cinya zuwanki na ƙarshe. Shekararta ashirin da bakwai yanzu, likitar shanu ce a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Takan iso da tukunyar miya a bayan mota, tana warin turke, ta sumbace ni a goshi ta ce wai Opa, kakan nata ke nan, bai mutu ba tukuna, to a dasa dara. Muna yin dara har yamma, tana satar 'ya'yana idan na juya neman tabarau, ni kuma ina yi kamar ban gani ba. Ba zan ɓoye miki ba, Jantina, daga Litinin nake fara ƙirga kwanaki. Wannan Lahadin ce na kusa zubarwa da hannuna.

Na taɓa gaya miki tana tare da wata mata mai suna Hanneke, yau shekara biyu, har sun sa ranar aure a watan Mayu. Hanneke ita ke ɗaga gada a kan mashigin ruwa idan jirgi zai wuce, tana cewa aikinta shi ne ta sa mutane jira. Doguwa ce, mai furfura a gefen kai, ba ta da yawan magana, kuma ita ta gyara mini birkin kekena ba tare da na roƙe ta ba. Na san ta girmi Marrit, amma ban taɓa tambayar da nawa ba, sai da zancen kalanda ya taso.

Kin tuna kalandar ranakun haihuwa da ke rataye a banɗakinmu, wadda Alida ta cika da hannunta. Laima ta cinye ta, ramin ƙusa ya yage, watan Yuli ya faɗo sau biyu. A watan Satumba Marrit ta sayo mini sabuwa mai hotunan tsuntsaye, ta ce in kwafe sunayen, tunda ni ne mai rubutun gidan waya. Kin kuma san dokar Alida, wadda duk zuriyarmu ta sani: ɗan gida da biro, wanda ba a tabbatar da zamansa ba da fensir. Samarin 'yan mata, 'yan haya na maƙwabta, duk da fensir suke shiga, in sun tafi a goge ba tare da an ɓata takarda ba. Na tambayi Hanneke ranarta da shekararta don in saka ta, ta ce ashirin da uku ga Oktoba, 1978. Mutumin da ya yi shekara arba'in a kan kantar gidan waya ba ya buƙatar takarda kafin ya ɗebe lissafi. Sha tara ce tsakaninsu.

Da wannan kaɗai ne, da na haɗiye. Sinima ce ta ɓata ni. Akwai ƙaramin gidan sinima da masu aikin sa kai suke gudanarwa a tsohon zauren makaranta, ranar Talata da ƙarfe biyu ake nuna wa tsofaffi, bayan an gama a sha kofi a tattauna. Ina zuwa ne don ɗumi da jin muryar mutane. A watan Satumban nan suka jero mana finafinai uku na soyayyar mace da mace, mako bayan mako. Na farko, mai otal a wani tsibiri da yarinyar da ta zo koyon girki. Na biyu, babbar likita da ɗalibarta. Na uku, mai gidan dawakai da yarinyar da ke share mata barga. Duka ukun tafiyarsu ɗaya. Babbar tana da kuɗi da gida da doguwar kwat, tana tsayawa bakin taga tana kallon nesa. Ƙaramar ba uwa, ba ƙawa, ba wurin komawa. Da farko kyauta, sai zaɓa mata riga, sai tambayar wa ya kira ta, sai a hana ta fita. A na ukun har ta zauna a tebur ta buɗe wasiƙun yarinyar da wuƙa tana karantawa, zauren ya ɗauki tsaki. Abin da ya fi damuna, duk wannan ana yin sa ne da kiɗa mai daɗi da ruwan sama a jikin gilashi, har mutum ya rasa ko ana nuna masa abin tsoro ne ko abin sha'awa.

A wurin shan kofi Roelie ce ta fi kowa magana, kamar kullum. Ba ki san ta ba, tsohuwar direbar bas ce, shekararta saba'in da tara, ta yi shekara arba'in da ɗaya tare da matarta Bea, kuma muryarta har yanzu ta cikin bas ce. Ta ce ita ta gaji, wai masu fim sun ɗauka idan mata biyu sa'annin juna suna ninke wanki suna gardamar wa ya bar madara a waje, ba za a sayi tikiti ba, dole sai an kawo wata gwaggo mai kwat ta cinye 'yar mutane. Ta ce a nuna mata yarinya ɗaya a ƙasar nan da ba ta da ko keken da za ta hau ta gudu. Aka yi dariya. Sai ta ce ba dariyar ce ta dame ta ba, 'yan matan da ke kallo ne, waɗanda ba su taɓa ganin irinsu a allo ba sai a wannan siffa, su tashi suna zaton kishi da kulle ƙofa shi ne so. Ni daga cikin maganarta duka, rabin ƙarshen kawai na ɗauka na tafi da shi gida.

Na samo ƙaramin littafi, Jantina, na fara rubuta alamu kamar ɗan sanda. Kullum Hanneke ce ke tuƙa mota idan sun zo tare. Na tambayi Marrit ina za su je hutu, Hanneke ta amsa. Gidan da suke ciki na Hanneke ne. Marrit ta daina zuwa tuƙin kwalekwale na ranar Alhamis, abin da take yi tun tana 'yar sha huɗu. Alamu huɗu, na ja layi a ƙarƙashinsu. Ranar da na zauna kwafe kalanda na rubuta kowa da biro, ke da Douwe da jikokinku, da fasto, da ma'aikaciyar jinya, har da Bikkel, karen maƙwabtana, wanda ake yi wa biki duk shekara. Da na zo ashirin da uku ga Oktoba sai na ajiye biro na ɗauki fensir. Na gaya wa kaina ai ba a ɗaura ba tukuna. Abin da ban yi tunani ba, ni ma ɗan Oktoba ne, kuma shafin da zai kasance a buɗe ranar bikina shi ne wannan.

Ranar shida ga wata na cika tamanin da shida. An jera kujeru a zagaye, mu goma sha ɗaya, kowa ya shigo ya bi layi yana yi wa kowa barka, aka yanka kek ɗin tuffa, aka zagaya da cuku. Berend ya zo, Roelie da Bea suka zo, Hanneke ta kawo mini fitila ƙarama ta ɗaura a gaban keke don duhun hunturu. Bayan kofi na biyu ta tashi ta shiga banɗaki. Kin san babu wanda yake zama a wurin nan bai karanta kalanda ba, don haka aka rataye ta a can. Ta fito ta zauna, sai dai ta bar sauran kek ɗinta. Can Marrit ta shiga. Da ta fito ta ce in zo kicin in nuna mata inda cokula suke, ita da ta fi ni sanin inda suke.

A kicin ta rufe ƙofa ta ce wai karen maƙwabta ya samu biro. Na ce mata fensir ne ya zo hannuna. Ta ce Opa kada ka yi mini haka, mutumin da har a coci akwai biro uku a aljihunsa. Ta ce ta san dokar kakarta tun kafin ta iya karatu, ta ga an goge saurayin gwaggonta da idonta. Ta tambaye ni ko don Hanneke mace ce, na ce Allah ya sani ba haka ba ne, kuma gaskiya na faɗa. Ta ce to don me. Nan na tsaya ina gyara tawul a jikin ƙusa. Suka tafi kafin a zuba miya. Hanneke ta ba ni hannu a bakin ƙofa ta ce ta gode Meneer Bulthuis, wato Malam Bulthuis, da sunan gida, kamar mai karɓar haraji.

Lahadin da ta biyo na dasa dara tun ƙarfe goma sha ɗaya, na zauna har fitilun titi suka kama. Na buga wa Marrit waya, ta ce shanu suna haihuwa, tana da aiki. Shanu suna haihuwa tun da aka yi duniya, ba su taɓa hana ta zuwa ba. Lahadi ta biyu ma haka. Na ci biskit da cuku a tsaye, na kwashe 'ya'yan dara na ƙirga, sun cika cif, babu wanda ya saci ko ɗaya. Ba na so in tsawaita wannan, tunda na ce labarin dariya zan ba ki.

Ranar Talata bayan fim na jawo Roelie gefe na nuna mata littafina. Ta sa tabarau ta karanta, ta yi dariya har sai da Bea ta buga mata baya. Ta ce tsohon ɗan gidan waya ya zama mai bincike, a kawo masa hula. Ta ce ita ma ita ke tuƙa mota a gidansu shekara arba'in, a je a ƙwato Bea. Uku na farko ta ce in ba Bikkel ya ci. Na huɗun, zancen kwalekwale, ta daina dariya, ta ce wannan ya isa a tambaya, ta kuma tambaye ni me Marrit ta ce da na tambaye ta. Na ce ban tambaya ba. Ta cire tabarau ta ce ni da na taɓa tare fasto a ƙofar coci na ce masa wa'azinsa ya yi tsawo, na kasa yi wa jikata tambaya ɗaya, na je na rubuta ra'ayina a bangon banɗaki kamar ɗan makaranta.

Sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Tana 'yar ashirin da biyu ta zauna da wata mata da ta girme ta da shekara ashirin, wadda takan ɗaure mata keke da sarƙa ta tafi aiki da makullin. Shekara uku ta yi a haka. Ta ce don haka kada in ɗauka tana cewa abin fim ƙarya ne, yana faruwa, kuma tazarar shekaru tana sauƙaƙa wa mai son yin sa. Amma shekarun ba su ke ɗaure keke ba, hannu ne. Ta ce abin dubawa shi ne ko ƙaramar tana iya cewa a'a a kwana lafiya, ko tana da makullinta da ƙawayenta da hanyar fita. Daga nan ta kalle ni ta gefen ido ta ce, af, shekara nawa ne ma tsakanina da marigayiya. Na ce sha biyu. Ta ce to, an rubuta ni da fensir a gidan su Alida ne. Da wasa ta faɗa, tana miƙa hannu ga biskit.

A nan ne zan gaya miki abin da ya sa wannan takarda ta zama taki ba ta Berend ba. Ina da talatin da uku na auri Alida tana da ashirin da ɗaya. Ta so ta je birni ta koyi aikin jinya, na ce nisa, ta bari. Tana waƙa a ƙungiyar mawaƙa ranar Alhamis, na ce abinci yana latti, ta bari. Kuma duk wasiƙar da kika aiko mata daga Kanada, shekara da shekaru, ni nake fara buɗewa da wuƙa a tebur in karanta, sannan in miƙa mata. Ni da da na buɗe ta baƙo ko ɗaya a wurin aiki da an kore ni ranar. Ban taɓa ɗaukarsa komai ba, gani nake ina rage mata wahala. Ranar da zauren sinima ya yi wa matar nan tsaki, ni kaɗai ne ban yi ba, na san wuƙar. Maimakon in dubi kaina sai na ɗauki abin na jingina wa Hanneke, wadda ba ta yi mini komai ba sai gyaran birki. Ban daki Alida ba, ban zage ta ba, kuma na yi imani ta so ni, mun yi dariya mai yawa a gidan nan. Amma yanzu ina tunanin abin da ya sa wasiƙunki zuwa gare ta ba su wuce zancen dusar ƙanƙara da haƙoran yara ba. Ina jin kin sani. Idan akwai abin da kika so ki gaya mata kika fasa saboda ni, ki yafe mini.

To, ashirin da uku ga wata ta faɗo ranar Laraba. Kin san ranar haihuwa ce kaɗai mutum zai iya zuwa gidan wani bai yi alkawari ba, a kuma ba shi kujera. Na kira tasin tsofaffi tun jajibiri, na ciro kalanda daga ƙusa na sa a kwandon keke, na ɗauko alƙalamin tawada da aka ba ni ranar ritaya, na sa kwat ɗin jana'iza don shi ne mai kyau. Direban ya zagaya da mu ƙauye uku yana sauke tsofaffi, wata tsohuwa ta tambaye ni wa ya rasu, na ce tukuna dai. Ƙarfe uku na isa. Hanneke ce ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi kwandon, ta ce in kula da dakalin ƙofa yana da tudu.

Zagayen ya kai mutum goma sha huɗu, kuma fiye da rabinsu 'yan matan kwalekwale ne, ƙawayen Marrit, masu kafaɗu kamar masu dako, suna ta ihu suna tsokanar Hanneke da cewa ta kusa fara shiga bas kyauta kamar tsofaffi. Na bi layi da kekena ina yi wa kowa barka ina taka ƙafafu, babu wanda ya tsira. Da na zo kan Marrit na ce mata barka da ranar haihuwar wadda za ki aura. Ta dube ni ba dariya, ta ce in zauna kafin in karya wani. Ta kawo mini kofi da kanta, amma ba ta sumbace ni a goshi ba. Na sha kofi biyu, kin kuwa san maganin fitsarin da likita ya ɗora ni a kai ba ya jiran kowa.

Tasu kalandar tana rataye a banɗaki daidai inda ido zai sauka. Shafin Oktoba, ranar shida: Opa Eltjo, 1938, da biro baƙi. Ba rubutun Marrit ba ne, nata kamar kaza ta bi ta kan takarda. Wannan a miƙe yake, a tsanake, kuma tawadar ta fara dusashewa, ba jiya aka yi shi ba. Na ɗaga shafuka, kamar yadda kowa ke yi yana musu, na je Maris. Ga Alida nan, matar da Hanneke ba ta taɓa gani ba, da ƙaramin gicciye a gefen sunan, da rubutun nan dai da biron nan dai. Na zauna a wurin nan har sai da aka ƙwanƙwasa, Hanneke tana tambaya ko na faɗi ne, in na faɗi in faɗa, ƙofar tana buɗuwa ta waje.

A soron gidan muka tsaya mu uku, tsakanin riguna da takalman roba, don a nan ne kawai babu mutane. Na ce ina da tambaya da ya kamata in yi tun watan jiya, na tambayi Marrit me ya sa ta bar kwalekwale. Ta ce saniya ce ta gurɗe mata kafaɗa a watan Agusta, ta ɓoye mini don kada in hana kaina barci, a watan Janairu za ta koma. Na ce mota fa. Ta ce kilomita ɗari biyu take yi kullum tsakanin turke da turke, ranar Lahadi ko sarauniya ce a motar sai ta tuƙa kanta. Sai na faɗi sauran duka, finafinan da littafin da sha taran, har da abin da na gaya miki a sama game da kakarta. Marrit ta saurara har ƙarshe. Daga baya ta ce in dai ana neman wadda ake juyawa a gidan nan, ba ita ba ce, ta raba Hanneke da taba, ta sa ta shafa wa kicin fenti ruwan ɗorawa alhali ba ta so. Hanneke ta ce a rubuta wannan ma a littafin.

Sannan Hanneke ta yi maganar da ta fi duk wadda na taɓa ji daga bakinta tsawo. Ta ce sha taran nan ta riga ni ƙirga ta, tana ƙirga ta kusan kullum. Shekarar farko ita ta hana Marrit tarewa, ta ce ta riƙe ɗakinta da makullinta sai ta tabbata. Ta ce idan Marrit ta kai sittin ita tana tura irin kekena, in tana raye, kuma sun zauna sun faɗa wa juna wannan ba sau ɗaya ba. Finafinan ma ta gani, tana yi wa allon faɗa har Marrit ta ce ba za ta sake zuwa da ita ba. Ta ce ba ta ce in daina sa mata ido ba, gara ma in ci gaba, yarinyar da ke da kaka mai sa ido ta yi sa'a. Amma duk abin da na gani in faɗa mata a fuskarta, ba ta so ta sake samun labarin kanta tana zaune a banɗakin wani.

Na ciro kalanda na miƙa wa Marrit magogi, ta mayar da hannunta baya ta ce wanda ya rubuta shi zai goge. Hanneke ta shimfiɗa shafin a kan mazaunin keke ta danne da hannu biyu, na sunkuya na goge. Rubutuna ya lalace, kin ga shaida a takardar nan, alƙalamin kuma ya shekara bai yi aiki ba, ya fara da ɗigon tawada kamar ƙwayar wake. Harafi bakwai sai da suka ci mini kusan minti biyar. Malaminmu na aji uku da ya gani da ya bugi yatsuna. Hanneke ta duba ta ce harafin farko ya yi kama da gadarta idan ta ɗaga rabi ta maƙale. Marrit ta hura tawadar, ta sumbace ni a goshi, ta ce tsohon banza. Hanneke kuma ta buɗe ƙofar falo ta ce Opa zai ci kek ko maganin likita ya hana. Na ci biyu.

Jiya Lahadi sun zo tare, kamar Lahadin da ta wuce. Miyar wake ce. Marrit ta sace mini 'ya'ya biyu da na juya neman tabarau, Hanneke ta tona ta nan take, aka yi gardama, Marrit ta ce a'a ba za ta mayar ba, kuma ba ta mayar ba. Na lura da wannan, ban rubuta a ko'ina ba. Ban sani ba ko zan ga inda aurensu zai kai, ke ma ba ki sani ba, amma na yi wa tela magana ya rage mini kwat kafin Mayu, kuma ina fata likita zai bar ku ku hau jirgi. Abin da nake roƙonki shi ne ki je banɗakinki yau ki buɗe Oktoba, ranar ashirin da uku, ki rubuta Hanneke, 1978. Kin san da abin da za ki rubuta.

Ki gaishe mini da Douwe, ki ce masa ya riƙa yin atisayen da aka ba shi, ya daina yaudarar masu jinya. Idan kuwa shi ya fara buɗe wannan takarda kafin ke, ya koma sama ya sake karanta wurin wuƙar. Ki gaida Sietske da mijinta, da Harmen da iyalinsa, da 'yar autarku Femke da jaririnta, ki aiko mini da ranarsa da shekararsa, akwai wuri a kalanda. Berend yana gaishe ku, Marrit ta ce a sumbace ki sau uku, Roelie da ba ta san ki ba ta ce a gaya miki kin yi haƙuri da irin wan da aka ba ki.

Hannuna ya gaji, don haka Hanneke ce za ta rubuta adireshi a kan ambulan idan ta biyo gobe, kada ki yi mamakin baƙon rubutu. Na ce mata zan liƙe kafin ta zo. Ta ce in liƙe ko in bari, duk ɗaya ne, ita ba ta karanta wasiƙar da ba tata ba.

Ubangiji ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu a watan Mayu.

Ni ne wanki mai ƙaunarki,
Eltjo.